Inji ɗaya ko biyu? Gardamar da ta raba ƴan majalisar Amurka kan jirgin yaƙi

Masu karatu, duk wanda ya taɓa sarin kaya ya san haɗarin dogara da dila ɗaya tilo. Ran da ya ga dama ya ƙara kuɗi, ran da kayansa ya ɓaci kuwa rumfarka ta zauna wayam. To wannan tambaya ce ta hana manyan Amurka barci daga 2006 zuwa 2011, sai dai su ba a kan atamfa ko shinkafa ba, a kan injin jirgin yaƙi samfurin F-35.

A 2001 kamfanin Lockheed Martin ya ci kwangilar ƙera jirgin, sojojin Amurka kuma suka shirya sayen sama da 2,400. Inji guda ne ke ɗauke da shi, mai suna F135, ƙirar kamfanin Pratt & Whitney. Amma tun a shekarun 1990 majalisar dokoki ta dage a ƙera na biyu, F136, wanda General Electric da Rolls-Royce ta Ingila suka haɗa hannu a kai.

Masu son inji biyu suna da hujja mai ƙarfi. A shekarun 1980 sojojin sama sun sha wuya da injin Pratt & Whitney, sai suka shigo da General Electric cikin cinikin injin jirgin F-16. Kowace shekara kamfanonin biyu suna takara, wanda ya fi rangwame da inganci ya kwashi kaso mafi tsoka. Suka ce a maimaita haka. Suka ƙara da cewa idan aka gano aibi a injin tilo, jiragen duka za su kwanta rana ɗaya.

Ma'aikatar tsaro kuwa ta ce lissafin bai fita ba. Daga 2006 ta daina sa kuɗin injin a kasafinta, a zamanin Bush da na Obama duka. Inji biyu na nufin kayan gyara iri biyu da makanikai masu horo iri biyu. An riga an zuba kusan dala miliyar 3, ministan tsaro Robert Gates kuma ya ce ana bukatar wasu kusan miliyar 3 kafin a gama. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba! Duk da haka shekara bayan shekara majalisa tana mayar da kuɗin da sojoji suka ce ba su so.

A nan ne, a ganinmu, gizo ke saƙa. Masana'antar injin General Electric tana Evendale kusa da Cincinnati a jihar Ohio, jihar John Boehner wanda ya zama kakakin majalisar wakilai a 2011. Rolls-Royce tana da ma'aikata a Indiana. Pratt & Whitney kuwa gidanta Connecticut, tana kuma da wurin aiki a Florida. Ba abin mamaki ba ne ƴan majalisar kowace jiha suka gano cewa tsaron ƙasa yana tare da injin da ake ƙerawa a ƙofar gidansu. Jam'iyya ma ba ta yi tasiri ba, kowane ɓangare akwai ƴan Democrat da ƴan Republican.

Ran 16 ga Fabrairu 2011 aka yi ta ta ƙare. Tom Rooney, ɗan Republican daga Florida, ya kawo shawarar a soke dala miliyan 450 na injin, wakilai 233 suka amince, 198 suka ƙi. Sabbin ƴan majalisa da suka shigo da alkawarin tsuke bakin aljihun gwamnati, da yawansu sun juya wa kakakinsu baya. A watan Maris aka ba da umurnin tsayar da aiki, a Afrilu aka soke kwangilar. Kamfanonin biyu sun ce za su ci gaba da kuɗin aljihunsu, amma a Disamba suka haƙura.

Shin an yi dabara? A watan Yuni 2014 injin wani F-35 ya kama wuta a sansanin Eglin na Florida, aka dakatar da tashin jiragen gaba ɗaya na ɗan lokaci, har suka kasa halartar baje kolin Farnborough a Ingila. Abin da masu inji biyu suka yi ta faɗa ke nan. Sai dai ɗaya ɓangaren na iya amsawa cewa kwanaki ƙalilan aka yi jiragen suka koma sama, kuma kwanakin ba su kai miliyar 3 ba.

General Electric ta sake gwada sa'arta da wani sabon inji, XA100. A 2023 ma'aikatar tsaro ta zaɓi a inganta F135 ɗin da ke akwai, cinikin ya sake zama a hannun Pratt & Whitney.