Wane ne doka take kira "mai saye" a kasuwar intanet?

Darasinmu na yau a kan ciniki ta wayar salula ne.

Yanzu mutum yana zaune gida, ya ga hoton kaya a waya, ya aika kuɗi, a kawo masa. Bai taɓa kayan ba, bai ga mai kayan ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. In an cuce shi, wace doka za ta tsaya masa?

Akwai dokokin kare masu saye. Amma ba duk wanda ya fid da kuɗi suke karewa ba. A 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara wa gwamnatoci shawarwari a kan wannan, ta sabunta su a 2015. A cikinsu, mai saye shi ne mutum, ko ɗan wace ƙasa ne, wanda ya yi saye musamman domin kansa, ko iyalinsa, ko gidansa.

Ga misali. Uwargida ta sayi turmin atamfa 1 ta waya domin salla. Ita mai saye ce. Wani ya sari turmi 50 zai kai kasuwar Dole ta Damagaram. Shi ɗan kasuwa ne, dokar kasuwanci ce tasa. Ke nan, niyyar saye ake dubawa.

Kowace ƙasa tana kafa tata doka. Mu duba ta ƙasashen Tarayyar Turai. Dokarsu ta 2011 ta ba wanda ya yi saye ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin, a yawancin kaya, ba sai ya faɗi dalili ba. A 2019 suka ƙara abu biyu. Na ɗaya, wanda bai biya kuɗi ba, amma ya ba kamfani bayanansa, kamar suna da adireshi, domin a yi masa aiki ta intanet, shi ma doka tana kare shi. Na biyu, tilas kasuwar intanet ta faɗi ko mai kaya ɗan kasuwa ne ko kuwa mutum ne mai sayar da abin hannunsa, domin in abin hannunsa ne, wannan doka ba ta shiga.

To, ƴan'uwa, kafin ku aika kuɗi, ku san ko wane ne mai kaya. Kada ku goge saƙon biya, shi ne shaidarku. Ku tattauna da malaminku: manomin da ya sayi taki domin gonarsa, wane ɓangare yake?

Sai mako mai zuwa.