Hanyoyi Biyu na Binciken Al'umma: Duban Lokaci Guda da Bin Sawu

Duk mai neman sanin halin da jama'a ke ciki, ko malamin jami'a ne ko ma'aikacin gwamnati, yana da manyan hanyoyi biyu a gabansa. Hanya ta farko ita ce ya zaɓi mutane iri-iri, manya da yara, ya auna su ko ya yi musu tambayoyi sau ɗaya tak, ya tattara sakamako ya rufe littafi. Wannan shi ne binciken lokaci guda. Hanya ta biyu kuwa ita ce ya riƙe mutane ƙayyadaddu, ya riƙa komawa gare su bayan watanni ko shekaru, yana rubuta yadda kowannensu ke sauyawa. Wannan shi ne binciken bin sawu. Kowace hanya da irin tambayar da take iya amsawa, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa wajen fassara alƙaluma suna faruwa ne idan an ɗora wa ɗaya nauyin da ɗayar ce kaɗai za ta iya ɗauka.

Ƙidayar jama'a ita ce babban misalin binciken lokaci guda. Wadda aka yi a Nijeriya a 1963, da ta 1991, da ta 2006, kowacce ta yi ƙoƙarin nuna yawan mutane da shekarunsu da mazauninsu a ranakun da aka yi ta. Amfanin irin wannan aiki a fili yake. Yana da sauri, kuɗinsa bai kai na bin sawu ba idan aka kwatanta da yawan mutanen da yake haɗawa, kuma shi ne ke gaya wa ma'aikatar ilmi yara nawa suka isa shiga makaranta bana, ya gaya wa ma'aikatar lafiya mutum nawa ke fama da wata cuta a yau.

Amma fa akwai tarko. Alal misali, a ce an zaga wata gunduma an tarar masu shekara 30 sun fi masu shekara 70 iya karatun boko nesa ba kusa ba. Mai gaggawa zai ce tsufa ne ke sa mutum ya manta karatu. Alhali kuwa dattawan sun tashi ne kafin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, lokacin da makarantu ba su da yawa a karkara, saboda haka da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Abin da aka gani bambancin zamanin haihuwa ne, watau kowace tsara da irin damar da ta samu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe cikin wannan tarko. Gwaje-gwajen basira na lokaci guda da aka yi a Amurka a farkon rabin ƙarni na 20 sun nuna kamar ƙwaƙwalwa tana fara ja da baya tun mutum yana matashi. A 1956 wani masani mai suna K. Warner Schaie ya soma wani bincike a birnin Siyatil, inda yake sake gwada mutanen nan dai bayan kowace shekara 7. Sai ya bayyana cewa yawancin fannonin basira ba sa nuna raguwa ta a-zo-a-gani kafin wajen shekara 60. Tsofaffin da aka gwada a da sun gaza matasa ne musamman domin ba su sami zurfin karatu irin nasu ba.

Tarko na biyu ya shafi sanin abin da ya riga wani. Idan aka tarar da abubuwa biyu tare a jikin mutum rana ɗaya, ba a san wanne ya haifi wanne ba. Mai yiwuwa ne a zaga gari a tarar waɗanda suka bar shan taba sun fi masu sha yawan ciwo, domin ciwon ne ya tilasta musu bari. Har ila yau, wanda cuta ta riga ta kashe ba ya cikin waɗanda za a tambaya, don haka lissafin yana ɗauke da waɗanda suka tsira kawai.

A nan ne bin sawu ya yi fice. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya game da shan taba, kimanin 40,000 suka amsa. Daga nan aka zauna ana lura da wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Tun a 1954 aka fara ganin cewa sankarar huhu ta fi kashe masu sha, kuma rahoton shekara 50 da ya fito a 2004 ya nuna cewa wanda ya dawwama yana sha yakan rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Hujjar ta yi ƙarfi ne domin an rubuta ɗabi'ar kowane likita tun kafin ciwo ya same shi. Haka kuma a garin Framingham na Amurka, an ɗauki mutum 5,209 a 1948 ana duba su bayan kowace shekara 2, kuma daga nan ne aka tabbatar cewa hawan jini da yawan kitse a jini suna gabatar ciwon zuciya.

An yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauyukan a kai a kai, rani da damina, kafin a yi feshin maganin sauro a ɗakuna da rabon magani, da lokacin da ake yi, da bayan an daina. Cutar ta ragu ƙwarai amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka janye sai ta dawo. Da an auna sau ɗaya kawai a tsakiyar aikin, da an yi shelar nasarar da ba ta ɗore ba.

Duk da haka bin sawu yana da nasa nauyin. Yana cin kuɗi da shekaru, har wani lokaci wanda ya fara shi ba ya ganin ƙarshensa. Mutane suna mutuwa, suna ƙaura, suna tafiya ci-rani, wasu kuma su gaji da tambaya. Mafi muni shi ne waɗanda ke ɓacewa sau da yawa su ne matalauta da marasa lafiya, sai ragowar su nuna hali mai kyau fiye da gaskiya. Wanda ake yi wa gwaji iri ɗaya sau da yawa kuma yakan saba da shi, makinsa ya hau ba don basirarsa ta ƙaru ba. Bugu da ƙari, abin da aka gano a kan mutanen gari ɗaya ba lalle ne ya dace da kowa ba: mutanen Framingham na farko kusan dukkansu Turawa ne.

Saboda haka masana suka nemi tsaka-tsaki. Wata dabara ita ce a maimaita binciken lokaci guda da sababbin mutane, kamar binciken yawan jama'a da lafiya da aka fara a Nijeriya a 1990 aka kuma maimaita sau da dama. Wannan yana nuna yadda ƙasa ke sauyawa, amma ba ya nuna yadda gida ɗaya ya sauya. Idan talauci ya tsaya a kashi ɗaya cikin shekara 10, ba a san ko gidajen nan dai ne suka dawwama a ciki ba, ko kuwa wasu sun fita wasu sun faɗa. Domin amsa wannan ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, ta soma bin gidaje 5,000 a 2010. Wata dabarar kuma ita ce ta Schaie, wanda yake ƙara sabon rukuni a kowane zagaye, don a iya rarrabe tasirin shekaru da na zamanin haihuwa.

To, abin da ya kamaci ɗalibi ko ma'aikacin da aka ajiye wa rahoto a kan tebur shi ne ya fara tambaya: sau nawa aka auna, kuma mutanen nan dai ne aka koma wa? Idan abin da ake nema shi ne yawan masu bukata a yau, don a tsara kasafin kuɗi, duban lokaci guda ya wadatar. Idan kuwa ana son a san ko wani shiri ya sauya rayuwar mutane, ko wane abu ne ya haddasa wani, to sai an yi haƙurin bin sawu, an kuma tanadi kuɗi da ma'aikata da ma'ajiyar takardu da za su kai aikin ƙarshensa.