Cinikin biri a sama: Me doka ta tanadar wa wanda ya sayi jita mai tsada bai kaɗa ta ba?

Matashin da ke Kazaure, Roni ko Gwiwa, wanda ya ƙudurta mallakar jita ta ƙwarai, irin ta katako da ba ta buƙatar lantarki, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya hau mota zuwa Sabon Gari a Kano ya zaɓa daga abin da ya tarar a shagunan kayan kiɗa, ko kuma ya buɗe wayarsa ya ga hoton wadda ransa ke so a Instagram ko Jiji, a hannun wani ɗan kasuwa da ke Alaba a Legas. Idan ya bi ta biyun, an san yadda ake ƙarewa: a tura lambar asusu, ya yi tiransifa, a kai kaya tasha a damƙa wa direba, shi kuma ya zauna jiran kira.

Tun kafin zuwan intanet Bahaushe ya raɗa wa irin wannan ciniki suna, wato cinikin biri a sama. Abin da ya sauya shi ne yawan masu yin sa da kuma girman kuɗin da ke ciki. Yankin yana da ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga matasan da kiɗan Bombino da Mdou Moctar na Nijar ya shiga ransu. Haka ake sayen waya da kwamfuta da batirin sola. Sai dai jita ta fi su fito da giɓin da ke cikin dokar kare mai saye, domin abin da ake biya dominsa, wato amo, ba ya fitowa a hoto.

Nawa ake magana a kai?

Jitar Martin D-28, ɗaya daga cikin mafiya shahara a duniya, ta haura dala 3,000 a Amurka. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kai naira miliyan huɗu da rabi, kafin kuɗin jirgi da na fito da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a 2024, sai ya tara albashinsa na sama da shekara biyar bai taɓa ko sisi ba. Kaɗan ne za su kai can. Amma ko matsakaiciyar Yamaha ta dala 300 ta zama kadara tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jitoci sama da 3,000 masu ɗauke da tambarin Gibson na bogi a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da darajarsu ta haura dala miliyan 18. Wannan a ƙasar da kamfanin yake ke nan, inda lauyoyinsa ke sa ido.

Abin da hoto ba ya nunawa

Makaɗin gurmi ko garaya ba ya biyan mai haɗa masa kayan kiɗa sai ya ɗora yatsa a kan tsirkiya ya ji. Dalilin da ya sa yake haka bai bar jita ba. Itace ba ƙarfe ba ne: jita biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya, a rana ɗaya, da suna ɗaya, suna iya bambanta a amo, saboda kowane falanki da taurinsa da nauyinsa. Haka kaurin wuyan jita, wanda ya yi wa hannun wani daidai, yana iya gajiyar da na wani cikin minti goma.

Akwai kuma abubuwan da ake iya aunawa, kuma a kansu ne mai saye ke da makama. Na farko shi ne fuskar jitar: shin falanki guda ne na itace, ko siraran katako ne da aka manne hawa-hawa da gam? Daga nesa kamarsu ɗaya, amma a farashi da amo tazarar mai faɗi ce. Sai tsayin tsirkiya daga kan wuya, wanda a daidai ƙarfe na 12 bai kamata ya wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Idan ya zarce haka sosai, ko dai jitar na neman saiti, ko wuyanta ya fara karkata, gyaran da ba kowane kafinta ke iya yi ba. Sai lambar shaida ta masana'anta, wadda Martin ke bugawa a ciki, a gindin wuya, inda ake hango ta ta ramin jitar.

Babban abokin gabar jita mai tsada a wannan yanki shi ne hunturu. Kamfanonin Martin da Taylor suna ba da shawarar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Legas danshi kan kai kashi 80 a mafi yawan watanni. A arewa maso yammacin Jigawa kuwa, daga Janairu zuwa Maris, yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Jitar da ta sha danshin Legas ta kumbura, idan ta iso Babura sai itacen ya tsuke, fuskar ta lotsa, bakin ƙarafan wuya su fito suna kartar yatsa, daga ƙarshe falankin ya tsage. Abin takaicin shi ne mai tsadar ce ta fi saurin tsagewa, mai arha ta katakon manne ta fi jure wahala. Garantin waɗannan kamfanoni kuma ba ya ɗaukar ɓarnar da bushewa ta jawo.

Me dokar tarayya ta ce?

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 ya shafi wannan ciniki kai tsaye. Ya ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cif a hali biyu. Na ɗaya, idan bai sami damar duba kayan ba kafin a kawo, sannan ya ƙi karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka, saboda kayan sun saɓa wa siffar da aka faɗa masa ko samfurin da aka nuna masa. Na biyu, idan ya bayyana wa mai sayarwa aikin da yake son kayan su yi masa, sai aka tarar ba su dace da aikin ba.

Sashe na 132 ya ƙara da cewa cikin wata uku da karɓar kaya, idan suka kasance masu aibi, mai saye zai iya mayar da su, ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, kuma wajibi ne ya gyara, ya musanya, ko ya biya. Rubutun nan da ake gani a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya soke wannan haƙƙi. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci cewa tsarin ƙin mayar da kuɗi na kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya saɓa wa wannan doka, ta kuma umarci a biya diyyar naira 500,000 ga wani lauya da ya kai ƙara a kan kuɗin mota naira 500.

To, ina giɓin yake? Dokar ta tsaya ne a kan aibi da saɓa wa siffa. Ba ta ba mai saye damar mayar da kaya don kawai bai ji daɗinsu ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, ƙa'idar 2011 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, Birtaniya ma tana da irinta. Shi ya sa Bature ke iya sayen jita bai taɓa ta ba, ya kaɗa ta mako guda a ɗakinsa, ya mayar idan amonta bai yi masa ba. Ɗan Gwiwa da ya kwaikwayi wannan ɗabi'a daga bidiyon YouTube ba shi da wannan kariya. Idan jitar ta zo lafiya, sunanta da lambarta daidai, amma amonta ya mutu a kunnensa, ya saya ke nan.

Wata ukun ma yana da tarko a nan arewa. Wanda ya karɓi jita a Satumba, ƙarshen damina, ba zai ga tsaga ba sai Janairu ko Fabrairu, lokacin da wa'adin ya wuce. Ko da bai wuce ba, mai sayarwa zai ce sakacin ajiya ne, kuma ba lallai ya yi ƙarya ba.

Malaman fiƙihu sun riga kowa tattauna batun

Jigawa na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, kuma kotunan shari'a suna sauraron rigingimun ciniki tsakanin Musulmi. Sayar da abin da ba ya gaban mai saye tsohon babi ne a fiƙihu. Hanafawa sun halatta shi tare da ba mai saye zaɓin fasawa a lokacin da ya ga kayan. Sanannen ra'ayin Shafi'awa ya fi tsanani, bai inganta cinikin ba. Malikawa, waɗanda mazhabarsu ake bi a ƙasar Hausa, sun tsaya a tsakiya: ciniki ya halatta idan an siffanta kayan sosai, kuma idan suka zo daidai da siffar, ya tabbata.

Akwai wani sharaɗi a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai a faɗin ƙasar Hausa, wanda ya dace da zamanin tiransifa kamar don shi aka rubuta. Ba a yarda mai sayarwa ya shardanta a biya shi kafin kaya su iso ba, sai idan kayan na kusa, ko kuma irin waɗanda ba a tsoron su sauya ne, kamar gida ko fili ko bishiya. Jitar da za ta kwana a bayan mota daga Legas zuwa Kano, a ƙarƙashin buhuna, ba ta cikin wannan rukuni. Wato dai dokar tarayya da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a wuri guda: siffar da aka faɗa ita ce ma'auni, ba abin da mai saye ya raya a zuciyarsa ba.

Masu sayarwa su ma suna da hujjarsu ta neman kuɗi tukuna. Akwai masu odar kaya su ƙi ɗaga waya idan kaya sun iso, a bar ɗan kasuwa da asarar kuɗin mota zuwa da dawowa. A Maris na 2017 an kashe wani mai kai saƙon Jumia a Fatakwal bayan ya kai wayoyin da aka ce za a biya idan sun iso. Rashin yarda ta kowane ɓangare ne, kuma babu wani tsari da hukuma ta tilasta na ajiye kuɗi a hannun amintacce har kaya su isa.

Idan ciniki ya ɓaci, ina za a dosa?

Sashe na 146 ya ba mai saye zaɓi: ya koma wa mai sayarwa, ya kai kuka ga FCCPC, ko ya tafi kotu kai tsaye. Hukumar na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kuma ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Amma kamo kamfani mai ofis da lauyoyi daban ne da kamo mai shafin Instagram da ba shi da rajista, wanda ke iya sauya suna cikin dare. Daga Kazaure, ko zuwa Dutse, babban birnin jihar, sai an ratsa ta jihar Kano; bin sawun naira 400,000 har Legas na iya cinye rabinsu. Idan kuwa kuɗi aka karɓa ba a turo komai ba, batun ya tashi daga saɓanin ciniki ya koma damfara, wadda dokar 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadar mata ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Nan aikin 'yan sanda ne da EFCC, kuma sanar da banki cikin gaggawa ya fi komai muhimmanci.

Tunda siffa ce doka ke kallo, dabarar mai saye ita ce ya mayar da duk abin da yake so ya zama rubutu kafin ya tura ko kwabo. Ya sa mai sayarwa ya rubuta masa a WhatsApp sunan jitar da lambarta, cewa fuskarta falanki guda ce, sabuwa ce ko ta hannu, ba ta taɓa tsagewa ba. Ya nemi bidiyon da aka ɗauka a ranar, a ɗora ma'auni a ƙarfe na 12, a kaɗa kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. Ya faɗi aikin da zai yi da ita, misali ɗaukar waƙa a situdiyo, domin wannan jimla ɗaya ce ke buɗe masa ɗaya daga cikin ƙofofi biyu na sashe na 122. Ya nemi a rubuta kwanakin da zai iya mayarwa ko da ba aibi, da wanda zai biya kuɗin mota. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubuta waɗannan ya riga ya ba da amsa.

Mafi sauƙi duka shi ne wakili. Ɗan'uwa ko abokin makaranta da ke Legas ko Kano, wanda ya iya kaɗawa, ya je shagon ya riƙe jitar da hannunsa, a biya rabi, sauran sai an buɗe akwati a tashar Kazaure a gaban direba, waya na ɗaukar bidiyo. Wanda kuma ya riga ya karɓi tasa, ya ajiye ta cikin akwatinta a rufe, tare da soso mai ɗan danshi a cikin roba mai huji, ya riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku daga Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan farko.