Bishiyar da ake kiwonta a turke

Duk wanda ya san burtalin da dabbobi ke bi a bayan garin Utai ya san irin magaryar nan da ta ƙi girma. Tsawonta bai wuce gwiwa ba, amma in ka tsuguna ka buɗe ƙayar sai ka tarar da gindi kamar damtsen ƙato, ɓawo duk ya tsattsage. Ba yarinya ba ce, wataƙila ma ta girmi mai gonar da ke kusa da ita. Kullum ta yi toho akuya ta gaigaye, ta sake yi a sake cinyewa, rani ya zo mai itace ya sare abin da ya rage. Da ta rasa hanyar sama, sai ta zuba ƙarfinta a gindi da ƙananan rassa.

To, irin wannan wahalalliyar bishiya mutanen Japan suka riƙa hawa duwatsu suna nema, su haƙo, su dasa a faranti, su kira ta bonsai. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin take. Akwai zane a bangon kabarin wani yarima mai suna Zhanghuai, na shekarar 706, inda aka nuna barori ɗauke da 'yan itatuwa a kasko. Japanawa suka karɓa suka ƙawata, har bayan girgizar ƙasar 1923 masu wannan sana'a suka tashi daga Tokyo suka kafa ƙauyensu na kansu a Omiya a 1925. Mutane da yawa suna zaton wani iri ne na musamman, ko magani ake zuba wa bishiyar. Ko kusa. In ka cire ta daga faranti ka mayar da ita gona, za ta miƙe kamar 'yan uwanta.

A Ingila, inda ba kowa ke da dutsen hawa ba, masu sha'awar abin sun fi samun nasu a shingen gida. Akwai wani tsiro da suke kira kotoniyasta, ɗan asalin Sin da tsaunukan Himalaya, ganye ƙanana kamar farcen yaro, fure fari ko ruwan hoda, 'ya'ya jajaye. An shuka shi ko'ina don shinge, tsuntsaye suka yaɗa irinsa har wasu nau'o'insa suka addabi daji, doka ta hana a shuka su a can. Maƙwabci zai tuge tsohon shingensa ya jefar, mai bonsai ya zo da baro ya ce a taimaka masa da kututturen. Daga nan aiki ya fara, kuma duk mai kiwon turke a ƙasar Wudil zai gane shi tun daga farko har ƙarshe.

Ka je Kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a ka sayo sa da ya saba da daji, ya sha tafiya, haƙarƙari a waje. Ranar da ka kawo shi gida ba ka ɗora masa karkiya. Inuwa za ka ba shi, da ruwa, da abinci kaɗan kaɗan, ka bar shi ya saba da igiya. Haka sabon kututture. Wajen haƙa ya rasa mafi yawan saiwarsa, don haka sai a sa shi cikin babban akwatin katako, a ɗaure shi tamau yadda iska ba za ta girgiza shi ba, a ajiye a inuwa. Ba taki, ba almakashi. Shekara guda, wani lokaci biyu, aikinka ban ruwa ne da kallo. A nan mafi yawan sababbin shiga ke yin asara: sun ga ɗan toho a wata na biyu, murna ta kama su, su hau datsa. Ba su san tohon nan da guzurin da ke cikin kututturen aka yi shi ba, sabuwar saiwa ba ta fito ba tukuna. Sa ne da ya miƙe tsaye don tsoro, kai kuma ka ɗauka ya murmure.

Bambancin kawai shi ne mai turke ƙiba yake nema, mai bonsai kuwa tsufa yake nema a ƙaramin jiki. Idan bishiyar ta nuna ta zauna, rassa sun yi tsawo sun yi yamutsi, sai a zagaya ta kamar yadda dillali ke zagaya sa, a zaɓi gefen da ya fi kyau ya zama gaba. A sare manyan rassan da suka miƙe kamar sanda, a bar gangar jiki mai kauri a ƙasa, siririya a sama. Kotoniyasta na da kirki a nan, domin yana fitar da toho ko daga tsohon ɓawo, sai dai babban rauni yana daɗewa bai rufe ba, shi ya sa ake ƙoƙarin sara ya faɗa ta baya.

Sai waya, ta tagulla ko ta alminiyam. Ana naɗa ta a sabon reshe tun yana ɗanye, a lanƙwasa shi ya kwanta, domin reshen tsohuwar bishiya ƙasa yake kallo, na yarinya ne ke kallon sama. Wayar nan igiyar hanci ce: tana nuna hanya, amma in ka manta da ita sai ta ci nama. Cikin 'yan watanni reshen ya yi kauri, wayar ta nutse cikin ɓawo, ta bar tabon da zai yi shekaru ana gani. A yanke ta gunduwa gunduwa, ba a warware ta.

Tukunyar kuwa, matan gida sun fi maza saurin fahimta. Madambaci ake so, mai huda a gindi. Ƙasar ciki ma tsaki tsaki, ba gari ba. Japanawa na da wani jan yumɓu mai ƙwaya da suke kira akadama. Mu nan fasasshen jan bulo, da tsakuwar kogi, da ɗan gawayi, a tankaɗe a zubar da ƙurar, sun wadatar. Wanda ya ɗebo laka daga fadama don ya ga baƙa ce mai albarka, saiwa za ta ruɓe masa kafin damina ta raba. Duk bayan shekara biyu ko uku ana zaro bishiyar, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na saiwar, a sauya ƙasa, a koma tukunyar da ta ɗan fi ta baya ƙanƙanta. A sama kuma a bar reshe ya yi ganye shida ko takwas, a datse ya koma biyu, daga nan ya rabu gida biyu, biyun su zama huɗu. Wajen shekara ta biyar ko ta shida sai baƙo ya fara tsayawa yana kallo.

Kada dai wani ya ɓata kuɗinsa yana neman kotoniyasta a Kano. Tsiron yana buƙatar sanyin da zai sa shi barci na watanni, hunturunmu bai kai ba, zafin Afrilu kuma zai gasa shi. Ba mu ma da bukatarsa. Tsamiya tana da ganye ƙanana tun daga halitta, kuma a Indiya da Indonesiya an daɗe ana yin bonsai da ita. A Afirka ta Kudu kuka suke sa wa a faranti, su daina ba ta ruwa idan ta kakkaɓe ganye. Cediya da durumi ko reshe ka dasa sai su kama. Magarya kuwa ita ce kotoniyastanmu, har da 'ya'yan. Kalgo ne ban ba da shawara ba, ganyensa ya yi faɗi, sai ka ga kamar yaro cikin babbar rigar ubansa. Gawo ma saiwarsa rijiya take haƙa, ba ta son kasko.

Wata magana kuma ta zama dole. A Maraɗi, tun 1983, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kututturen da ke toho a gonaki bishiyoyi ne masu rai da tsohuwar saiwa, aka koma rage musu rassa a bar ɗaya ko biyu su tashi, gonakin da suka zama fili suka sake samun inuwa. Don haka kututturen da ke tsakiyar gona a bar shi ya zama bishiya, ya fi amfani a can. Wanda za a haƙo shi ne wanda ake shirin tugewa don gini ko hanya, kuma da izinin mai wurin.

Game da tsawon lokaci, akwai wata bishiya a lambun gwamnati da ke Washinton wadda ake reno tun 1625. Tana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ta tsira a bayan katanga, mai ita Masaru Yamaki ya ba Amurka kyauta a 1976. Iyali ɗaya suka yi ta miƙa wa juna ita, uba ya bar wa ɗa. San turke wata shida ne a kai shi kasuwa. Wannan kuwa ba ta da ranar sayarwa. Mai son gwadawa a Utai ya jira ruwa ya zauna a watan Yuli kafin ya ɗauki diga, kuma tun yanzu ya san wanda zai riƙa ba bishiyar ruwa safe da yamma a watan Afrilu idan tafiya ta kama shi.