Cadawa: yadda ake rage tsawon sarƙar ɗaga kaya ba tare da ƙulli ko walda ba

Duk wanda ke bin babbar hanyar ƙasa lamba 1 daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ya zarce zuwa Cadawa, Agye da Gazawa, ya saba ganin sarƙa tana aiki. Da ita ake tayar da babbar motar da ta kwanta da lodin aya ko wake, da ita makanikai ke zaro inji daga mota a gindin bedi, da ita ake ɗora injin niƙa, injin wuta ko tankin ruwan fanfo mai aiki da hasken rana. Matsala guda ce ke yawan tasowa: sarƙar ta yi tsawo, ko kuma kayan sun karkace saboda gefe ɗaya ya fi nauyi. Sai a nemi dabarar rage ta, kuma a nan haɗarin yake.

Dabaru uku aka fi gani. Wani ya ƙulla sarƙar kamar igiyar guga. Wani ya naɗo ta ya zura bulon tsakanin zobe biyu ya ɗaure. Wani kuma ya kai ta wurin mai walda a yanke a sake haɗawa. Dukansu suna aiki yau, suna aiki gobe, shi ya sa ake ganin ba komai.

An ƙera kowane zobe ne don a ja shi ta tsawonsa. A cikin ƙulli, zobba suna hawa kan juna a gicciye, nauyin ya riƙa lanƙwasa su ta gefen da ba su da ƙarfi. Bulon ma haka: ƙarfensa ba na wannan aiki ba ne, yana lanƙwashewa ko ya gutsire ba tare da gargaɗi ba. Walda ce ta fi yaudara, don ido yana ganin ɗinkin da kyau. Sarƙar ɗaga kaya ta sami ƙarfinta ne daga gashin wuta da sanyayawa da aka yi mata a masana'anta bisa ma'auni. Ƙa'idar Turai ta EN 818 ta ce sarƙa mai daraja 8 tana fara rasa ƙarfi idan zafi ya wuce digiri 200, kuma an hana aiki da ita sama da digiri 400. Wutar walda ta ninka wannan sau da yawa.

Ƙarfen da aka yi don wannan aiki iri biyu ne. Na farko ƙugiya ce mai ɗan siririn baki, wadda a takardun Faransanci ake kira crochet raccourcisseur. Bakinta ba ya barin sarƙa ta zame: zobe ɗaya ya shiga tsagar a kwance, na bayansa ya tokare. Na biyu shi ne griffe de raccourcissement, dunƙulen ƙarfe mai aljihu wanda zobe ke zama cikinsa daram, wasu har da ƙusar kulle da ke hana sarƙar fita idan ta saki. Mai aiki ya ƙirga zobban da yake son ragewa, ya sa wanda ya zaɓa a gurbin, ragowar ta rataya a gefe ba nauyi a kanta. In an gama ya cire, sarƙa ta koma tsawonta, ba a yanke komai ba.

Amma ƙugiya suna ta tara. Akwai wadda ke da ƴan kafaɗu biyu a gindin tsagar, su ne ke tallafe zoben don kada ya lanƙwashe. Wannan tana ɗaukar cikakken nauyin da sarƙar ke ɗauka. Wadda ba ta da kafaɗun, masu ƙera ta da yawa na cewa a rage kashi 20 cikin 100 na nauyin. Sannan dole girman ya dace: ƙugiyar milimita 13 a kan sarƙar milimita 10 tana iya sakin ta. A griffe kuma akwai gefen da reshen da ke ɗauke da kaya zai fito, galibi da alamar kibiya ko zane a jiki. Idan aka juya shi, nauyin zai faɗa kan ɓangaren da ba a yi don haka ba.

Ita kanta sarƙar sai an duba. Ta ɗaga kaya tana da lamba 8 ko 80 (wasu 10 ko 100) da aka buga a jikin wasu zobba. Reshe ɗaya na daraja 8 mai kaurin milimita 8 yana ɗaukar tan 2, na milimita 10 tan 3.15, na 13 tan 5.3, na 16 kuwa tan 8. Sarƙar nan mai ruwan ɗorawa, daraja 70, da ake ɗaure kaya a bayan tirela, ta ɗauri ce kawai. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, irin da ake sayarwa da mita a kasuwa, ta ɗaure ƙofar shago ce ko turken sa. Gaskiya ne an gwada sarƙar kirki ta jure ninki huɗu na abin da aka rubuta kafin ta tsinke, sai dai wannan rarar an bar ta ne don fizga da tsufa, ba don a ƙara buhu ba.

Abin da ko masu kayan kirki ke mantawa shi ne buɗewar rassa. Idan aka rage rassa biyu alhali wuraren da aka maƙala su a jikin kayan ba su matso ba, rassan za su ƙara buɗewa, kuma kowane zai ji ja fiye da da. Sarƙar milimita 10 mai rassa biyu tana ɗaukar tan 4.25 muddin kowane reshe bai kauce daga tsaye da fiye da digiri 45 ba. Tsakanin 45 da 60 sai ta koma tan 3.15, wato kamar reshe ɗaya. Sama da 60 an hana baki ɗaya. Ba kowa ke yawo da ma'aunin kusurwa ba, to ga awon ido: idan tsayin da ke tsakanin saman kayan da babban zoben sama bai kai rabin tsawon reshe ba, an wuce iyaka. Haka kuma idan kayan sun fi nauyi ta gefe ɗaya, kamar injin wuta, ana rage reshen gefen mai nauyi har babban zoben ya tsaya daidai saman tsakiyar nauyin, kuma a yi lissafi kamar reshe ɗaya ne ke ɗauke da komai.

A ganinmu babban nauyin yana kan masu motoci da masu gareji, don su ke sayen kayan, amma yaran mota da almajiran makanikai ke tsayawa kusa da su. Ƙugiya biyu na kirki ba su kai kuɗin tayar tirela ɗaya ba.

Kafin a ɗaga, a wanke sarƙar daga baƙin mai da rairayi, a bi ta zobe-zobe. Wanda ya tsage, ya lanƙwashe, ya miƙe har ba ya juyawa cikin ɗan'uwansa, ko ya cinye da kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, ya gama aiki. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe ma haka, kada a mayar da ita da guduma. A ɗaga kayan kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a tsaya, a duba ko zoben ya zauna a gurbinsa kuma sarƙar ba ta murɗe ba. Idan akwai gyara, a sauke ƙasa tukuna. Ba a taɓa ƙugiyar ragewa kaya na rataye, kuma kowa ya fita daga ƙarƙashi har a dire.