Dungeons & Dragons: Yadda ƴan wasa suka juya wa sabbin dokoki baya

A watan Yunin 2008, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da bugu na huɗu na dokokin Dungeons & Dragons, yana sa ran masoya wasan za su yi rububin saye. Da yawa sun saya, amma wasu masu ɗimbin yawa suka karanta, suka rufe, suka koma ga tsoffin littattafansu.

Wasan dai kamar tatsuniya yake da ake yi tare. Abokai huɗu ko biyar za su zauna a teburi, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, mutum ɗaya yana jan ragamar labarin, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a 1974. Labari ɗaya kan ɗauki shekaru ana ci gaba da shi mako-mako, shi ya sa taɓa dokokin ba ƙaramin abu ba ne.

Bugun 2008 kuwa ya taɓa su sosai. An daidaita ƙarfin jarumai ta yadda mai takobi da mai sihiri kusan tsari ɗaya suke bi, faɗa kuma sai a kan taswira mai gida-gida. Masu suka suka ce an mayar da wasan kamar na kwamfuta, irin World of Warcraft. Wasu nau'o'in jarumai da aka saba da su, kamar mawaƙi, babu su a littafin farko. Ga kuma batun aljihu: shekara biyar kacal da sayen bugun 3.5 na 2003, aka wayi gari littattafan ba su dace da sabon tsari ba.

Wizards da kansa ya buɗe ƙofar da aka fice ta ciki. Tun a 2000 ya ba da lasisin OGL, wanda ya halasta wa kowa amfani da ginshiƙin dokokin bugu na uku. Wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo ya kama wannan dama, ya gyara dokokin 3.5, ya fitar da su da sunan Pathfinder a 2009. Kafin a ankara, a 2011 Pathfinder ya sha gaban D&D a cinikin shagunan wasanni na Amurka.

Wizards ya sauko. Daga 2012 ya riƙa raba dokokin gwaji yana sauraron ƴan wasa, har bugu na biyar ya fito a 2014 ya dawo da jama'a.

Sai dai an kuma. A Janairun 2023 wani daftari ya fallasa cewa kamfanin, wanda mallakar Hasbro ne, yana shirin soke tsohon lasisin. Ƴan wasa suka shiga janye kuɗin rajistarsu daga shafin D&D Beyond, kuma kafin ƙarshen watan kamfanin ya janye shirin, ya saka ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin Creative Commons, inda ba zai iya karɓe su ba.

Da aka sake gyara littattafan a 2024, kamfanin ya yi ta nanata cewa ba sabon bugu ba ne, kuma tsoffin labaran bugun 2014 za su yi aiki da su. Duk da haka akwai teburan da har yanzu littafin 2014 ne a kansu.