Kyamarar da ke zagaya molekul: yadda nake nuna wa ɗalibai tushen sikila

A littafin sayans na babbar sakandare, himogulobin zane ne a shimfiɗe, kamar zaren da ya harɗe. Ɗalibi zai haddace cewa shi ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ya rubuta a jarrabawar WASSCE, ya ci maki. Amma ka tambaye shi ina gabansa ina bayansa, sai ya yi zuru. Ba laifinsa ba ne, takarda ba ta da zurfi. Shi kuwa molekul yana da tudu da kwari, kuma a wannan sifa aikinsa yake.

Maganin abin motsi ne. Tun 1953 masanin halayyar ɗan Adam Hans Wallach da abokin aikinsa suka nuna cewa inuwar lanƙwasasshiyar waya layi ce kawai a ido, amma da an fara juya wayar sai ƙwaƙwalwa ta ga zurfinta. A shekarun 1960 Cyrus Levinthal na jami'ar MIT a Amurka ya yi amfani da wannan, ya riƙa juya hoton furotin a fuskar kwamfuta. Abin da ya buƙaci injin jami'a a lokacin, yau tsohuwar kwamfutar cinya tana yin sa.

Manhajar da nake amfani da ita PyMOL ce, wadda marigayi Warren DeLano ya ƙirƙira, kuma akwai samfurinta na kyauta. Akwai kuma ChimeraX. Sifofin kansu ana sauko da su kyauta daga rumbun Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971 da sifofi 7 kacal, yanzu sun haura 200,000. Lambar himogulobin lafiyayye 4HHB ce, ta mai sikila kuma 2HBS.

Aikin ba wuya. Bidiyo hotuna ne a jere, 30 a kowace daƙiƙa, don haka hotuna 300 daƙiƙa 10 ke nan. Umurnin mset ke ware adadinsu. Sai ka tsayar da kyamara inda kake so a hoto na 1, ka adana da mview store, ka je hoto na 150 ka juya ko ka matso, ka sake adanawa. Abin da ke tsakani manhajar ce ke cike shi.

To, ina kyamarar za ta je? Nan ne aikin malami. Ni daga nesa nake farawa, a ga molekul ɗin gaba ɗaya: sarƙoƙi 4, alfa biyu da beta biyu, kowace da launinta, jimillar amino asid 574. Ina barin sa tsaye daƙiƙa uku ido ya saba. Sannan juyi ɗaya a hankali. Daga nan kyamara ta gangara kan sarƙar beta har gurbi na 6, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid, na shafa masa ja. Nan ma a tsaya. Sai ta ɗan ja baya, a ga wannan ɗigon ja ya shige wani ɗan rami a jikin molekul na kusa, tsakanin gurbi na 85 da na 88. Haka suke maƙalewa da juna idan oksijin ya yi ƙasa, su zama dogayen sanduna, su lanƙwashe jan ƙwayar jini kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Wannan darasi ba na neman maki ba ne kawai. A Ghana ana ƙiyasta jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, kuma a zangunanmu har yanzu akwai gidajen da ake jingina ciwon ga sammu ko maita. Da wuya shekara ta wuce ban sami mai ciwon a ajina ba, ko wanda ƙaninsa ke fama. Yaron da ya ga gurbin nan da idonsa, in an yi masa maganar gwajin jini kafin aure, ya san me ake nema.

Abin da ba na so shi ne molekul ya yi ta juyi ba tsayawa kamar tsire a kan garwashi. Na sha ganin haka a tarukan malamai: mai jawabi na magana, jama'a na kallon hajijiya. Kowane motsi ya zama yana amsa tambaya ɗaya, in ba haka ba a bar kyamara ta huta.

Akwai kuma tarko. Himogulobin da kansa yana motsi: idan ya kama oksijin, rabinsa yakan karkata kusan digiri 15 a kan ɗaya rabin. In kana nuna wannan kuma kyamara tana tafiya, ɗalibi ba zai bambance motsin molekul da na mai kallo ba. Don haka ɗaya bayan ɗaya, 'yan uwa malamai, kuma ku faɗa da baki wanne ke motsi.

Ni a gida nake haɗa bidiyon in fitar da shi gajere, bai kai minti ɗaya ba, saboda dumso ba ya sallama kafin ya ɗauke wuta, kuma majigin makaranta ba kullum yake samuwa ba. Ranar da babu, wayata ke bin benci benci, da yamma kuma in tura shi zauren WhatsApp na iyaye.